Abin da yaran ajina suka faɗa da na miƙa musu makirufo

Duk malamar nazare da ta tambaye ni yadda za ta haɗa wa yara wurin wasan hasashen yanayi da karanta labarai, abin da nake fara ce mata shi ne ta daina damun kanta da maganar kwali da fenti. Wannan aikin yammaci ɗaya ne. Abin da ya kamata ya hana ta barci shi ne me yaron zai faɗa idan ya shiga bayan kwalin nan, aka sa masa makirufo a baki, sauran suka yi tsit suna kallonsa. Ni dai abin da nawa suka faɗa har yau bai sake ni ba.

'Yan shekara huɗu zuwa biyar nake koyarwa, a wata ƙaramar makaranta a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Cikin bazara na haɗa wurin, don damina ta same mu a shirye. Kwalin firij na roƙo wajen wani mai shago, na yanke masa taga, ya zama talabijin. Makirufo kuwa robar lemo ce aka cusa wa tsohuwar safa a kai. Faifai muka shafa wa ruwan ɗorawa ya zama rana, auduga ta zama gajimare, tsakuwa a gwangwani ta zama ƙarar ruwa a kan kwano. A kwando ɗaya na zuba lema, malfa, mafici, rigar sanyi da kwalbar man kaɗanya, mai hasashe ya zaɓi abin da ya dace da ranar ya nuna wa masu kallo. Sai taswirar jihar Katsina da na zana a bango. Ban wahalar da su da ƙananan hukumomi 34 ba, garuruwa biyar kawai na sa: Katsina, Daura, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa.

Ɓangaren yanayi bai ba ni wahala ba ko kaɗan, kuma shi ne nake alfahari da shi. Mun ɗaura ƙyalle a kan gora a tsakar makaranta, kowace safiya yaro ɗaya ya fita ya dubo ina iska ta nufa. Mun yanke kan robar ruwa, muka kifa shi ciki kamar mazurari, muka zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar, muka manna rula a jiki. Ma'aunin ruwan sama ke nan. Ga malaman da ba su sani ba, milimita ɗaya a cikin ma'auni daidai yake da lita ɗaya ta ruwa a kan filin da ya kai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Yaran ba ruwansu da wannan lissafi, su dai su ga ruwan yau ya wuce layin jiya su yi ta tsalle. Baba maigadi, wanda yake da gona a ƙauyensu, shi ya koya musu su riƙa duban gabas, don hadarin da ke kawo mana ruwa daga can yake tasowa, kuma idan iska mai sanyi ta taso da ƙura a gaba, to a kwashe shanya. Da muka fara manna gajimaren auduga a taswira, sai na riƙa fara sawa a Funtuwa, saboda kudancin jihar yana riga mu samun ruwa, kuma ya fi Katsina da Daura samunsa da yawa. Wata yarinya da kakarta ke Funtuwa ta ce a kira kakar a waya a tambaya. Aka kira, ta ce ai su har sun yi shuka. Ranar an yi murna a ajin nan.

Wani uba ya tare ni a bakin ƙofa cikin mutunci ya ce, "Malama, na ji yarona yana cewa gobe za a yi ruwa. Ba kya ganin ana koya musu shiga sanin gaibu?" Na ce masa abin da hukumar NiMet mai kula da yanayi ta ƙasa ke yi ke nan duk farkon shekara idan ta fitar da hasashen damina, kuma abin da manomi ke yi ke nan idan ya ɗaga kai ya dubi sama: duba alama ne, ruwa kuwa na Allah ne. Daga ranar duk mai hasashe sai ya rufe da "in Allah ya so". Uban ya gamsu, ni ma na fi jin daɗinsa a haka.

Teburin labarai ne ya zo da abin da ban zata ba.

Da farko abin sha'awa ne. Yaranmu sun tashi da rediyo a kunne, wasu tun suna goye suke jin BBC Hausa da asuba daga ɗakin kakansu, don haka sun iya muryar. Yaro zai gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a masu kallonmu, assalamu alaikum, ga labaran duniya." Labaran duniyar kuwa su ne akuyarsu ta haihu, an kawo wuta da dare, yayansa ya faɗi a keke. Na bar su suna faɗin abin da suka ga dama, don wasan yara idan babba ya cika sa baki ya tashi daga wasa.

Akwai wani yaro a ajin da ba ya magana. Iyayensa sun taso ne daga wani ƙauye ta wajen Batsari suka dawo cikin gari. Ko sunansa aka kira sai dai ya ɗaga hannu. Wata safiya na ga ya tashi da kansa ya shiga bayan kwalin, har raina ya yi fari, na ce yau bakinsa zai buɗe. Ya riƙe robar da hannu biyu, ya kafe ido a bango, ya ce:

"Jama'a, ga labari. Ɓarayi sun shigo gari da dare bisa babura. Sun kore shanu. Sun tafi da mutane daji. Sun ce a kawo kuɗi da man fetur. Wanda bai kawo ba za a harbe shi."

Babu rawar murya, babu hawaye. Kuma kafin in motsa daga inda nake, sai ajin ya ɗauka. Wannan ya ce an sace maƙwabcin kawunsa. Wancan ya ce ya ga bidiyon gawa a wayar babansa. Wata ta ce "kuɗin fansa", ta faɗe shi tiryan-tiryan, yarinyar da har yanzu ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba. Lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, wasu cikin yaran nan ko haihuwarsu ba a yi ba, amma ga shi sun san kalmomin nan duka, sun san yadda ake jera su. Na juya na ga wata ƙaramar yarinya ta maƙale a bango, ta toshe kunnuwa, fitsari na bin ƙafarta. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Na ɗauke ta, na ce mai hasashen yanayi ya zo ya karɓi makirufo, muka koma maganar rana da gajimare. Amma abin ya riga ya faru. Da dare yarinyar ta ƙi barci, tana cewa babura za su zo. Washegari uwarta ta zo rai a ɓace. Ta ce, "Malama, ni karatu na kawo ta, ban kawo ta a tsorata mini ita ba." Ban ga laifinta ba, uwa ce. Na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin yadda abin ya kasance, ba ta saurara ba. Ƙarshen zangon ta cire 'yarta. Hajiya mai makarantar ta kira ni ofis ta ce, "Malama, a naɗe kwalin nan a kai sito, kada mu rasa wasu."

A nan ne na dage, kuma har gobe ina kan bakana. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba kwalin ne ya sa musu maganar nan a baki ba. Da ita suke zuwa kullum, suna zaune a gabanmu suna rera baƙaƙe, mu ne ba mu sani ba." Abin da ke ci mini rai ke nan har yanzu. Mu manya muna buɗe saƙon murya na WhatsApp a tsakar gida, ana kuka ana lissafa waɗanda aka kashe, yaro na gefe yana cin tuwo. Muna kallon bidiyon hari a cikin Keke Napep, ɗan wata na leƙe ta kafaɗarmu. A gidan gaisuwa a kwashe labarin yadda aka yi ciniki da masu garkuwa daga farko har ƙarshe, a ce ai yaro ne, bai san me ake cewa ba. Ya sani. Bai dai da wurin da zai ajiye shi ne. Ranar da aka ba shi kujera da makirufo, aka ce kowa ya saurare shi, sai ya sauke.

Hajiya ta yarda a bar kwalin bisa sharaɗin kada a buɗe teburin labarai sai ina zaune a gefensa. Na karɓa. Na kuma canja tsarin ta yadda wasan bai mutu ba. Yanzu ba mai zama ya karanta labari sai an fara aika shi ɗauko rahoto. Ina rataya wa yara biyu katin wakili a wuya, in ba su kyamarar kwalin sukari, su zagaya cikin makaranta: su tambayi mai sayar da awara me ta kawo yau, su dubo ko ƙadangaren bayan aji ya fito shan rana, su ƙirgo tsuntsayen da ke kan darbejiya, su tambayi Baba maigadi ko geronsa ya fara fitar da kai. Idan sun dawo sai mu yi abin da muke kira taron edita, kowa ya raɗa mini labarinsa a kunne kafin ya shiga bayan kwali. Yaran suna son raɗar nan fiye da karatun labarin ma, don suna jin an ba su girma. Ni kuma ta nan nake tace abin da bai kamata aji ya ji ba. Ba maganar 'yan bindiga kaɗai ba: ta nan na tare wata da ta zo da labarin babanta zai ƙara aure, alhali ban tabbata uwarta ta gama sani ba. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Na ce mata wannan labarin gida ne, a gida ake barinsa, ta ba mu na ƙadangare.

Abin da ban yi ba, kuma ina roƙon duk malamar da ta samu kanta a irin wannan hali kada ta yi, shi ne tsawata wa yaron. Bai yi ƙarya ba, bai yi rashin kunya ba. Abin da ya gani ya faɗa, kuma karon farko ke nan da ya buɗe baki a aji. Da na daka masa tsawa, da ya koma shirunsa, wataƙila na shekaru. Na je gidansu na gaida kakarsa. Ta ce, "'Yar nan, a gabansa aka yi komai, yana ƙarƙashin gado." Muka yi shiru ni da ita. Tun daga nan, idan ya raɗa mini irin wannan labari a taron edita, sai in ce masa, "Na ji, yarona. Wannan nawa ne ni da kai, za mu zauna anjima." Kuma ina cika alkawari. Lokacin tara sai mu zauna a bakin baranda, in ba shi takarda da fensirin kala, ya zana, ya yi magana in ya so, in bai so ba mu yi zamanmu. Babura ya fi zanawa. Ni ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce, na kuma gaya wa iyayensa cewa idan firgitar dare ta ci gaba su kai shi asibiti a duba shi, kada su ce ai zai manta.

Ma'aunin ruwa na damƙa masa. Cikin Agusta, lokacin malka, kusan kullum akwai abin dubawa, shi ke fara isowa ya tsuguna gaban robar ya sa yatsa a kan layi. Da aka shiga hunturu babu ruwan aunawa, sai muka koma auna hazo: a tsaya a bakin ƙofar aji a duba ko ana hango dogon ƙarfen sabis da ke bayan unguwa. In ana ganinsa tar, hazo kaɗan ne. In ya ɓace, sai mai hasashe ya ce a sa rigar sanyi, a shafa mai, masu asma su rufe hanci, kuma wataƙila jirgi ba zai sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ba. Na nuna musu a ƙyallenmu cewa iskar ta juya, yanzu daga arewa maso gabas take busowa, daga Sahara, shi ya sa take ɗauke da ƙura. Yaron nan da a da ba ya magana shi yake ba da wannan rahoton, da ƙarfi, har na baya suna ji.

Yarinyar da aka cire ba ta dawo ba. Nakan hango ta wani lokaci a bayan babur ɗin babanta da kayan wata makarantar, sai in ji abin ya dawo mini sabo. Da a ce na san abin da ke cikin yaran nan tun farko, da taron edita na fara kafin in yanka kwali, da kuma na tara iyaye na gaya musu abin da za mu yi. Bana haka na yi. A taron iyaye na farkon zango na ajiye talabijin ɗin kwalin a gabansu, na ba su labarin ba tare da na kama sunan kowa ba, na roƙe su abu ɗaya: duk saƙon hari da ya shigo waya, a sa abin kunne ko a fita waje a saurara. Wasu iyaye mata suka sunkuyar da kai. Wani uba ya ce, "Malama, wallahi jiya ma na yi, yarana uku suna ɗakin." Ya ce in rubuta roƙon a takarda ya kai masallacin unguwarsu a karanta bayan sallar isha'i, na rubuta masa kafin a tashi.