Yau wake-wake ta ƙyanƙyashe

Talata. Tun asuba nake jin kukan 'yan tsaki daga akurki, ashe wake-wake ce ta fasa, kwana 21 cif. Takwas suka fito, biyu baragurbi. Shida baƙaƙe wuluk, biyu kuma ruwan ƙasa masu zane a baya, alhali ubansu jan zakara ne jawur.

Inna na leƙowa ta ce "ke 'yar nan wannan ai aikin zakaran maƙwabta ne, yaushe ja ya haifi baƙi?" Na ce Inna ba haka ba ne, baƙin na uwar ne, wake-wake ai baƙar kaza ce da farin zane ya ratsa gashinta, kuma baƙi yana danne ja a gado. Ba ta yarda ba, kuma tana da hujja tunda kaza kan riƙe maniyyin zakara a jikinta har sati biyu ko fiye, sai dai tawa tun kafin ta fara ƙwai ba ta fita gidan nan.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne ɗigon fari a ka. Cikin baƙaƙen nan huɗu suna da shi, biyu babu, kuma masu ɗigon nan zakaru ne insha Allahu. Dalili kuwa a kaji uwa ce ke raba jinsi ba uba ba, zakara yana da ƙwayar halitta Z guda biyu ita kuma kaza Z ɗaya da W ɗaya, to shi wannan zane na wake-wake a jikin Z yake zaune, kuma Z ɗin uwa 'ya'yanta maza kawai take ba wa, matan W suke samu daga gare ta sai su ɗauki Z ɗin uba wanda ba shi da zane, shi ya sa za su tashi baƙaƙe wataƙila da ɗan ja a wuya. Da irin wannan dabara masu ƙyanƙyasa ke ware 'yan tsakin ISA Brown, kajin nan na gidan gona masu yin ƙwai, tun ranar farko, matan jajaye mazan farare, su dai nasu launin ne daban.

Amma fa sai uwa ce mai zanen uba kuma babu. In zakaran ne wake-wake to maza da mata duk za su iya ɗauka, ɗigon bai gaya maka komai ba. Su biyun nan ruwan ƙasa kuwa sun nuna uwar ba tsantsa ba ce, akwai wani launi da ta gado daga kakanninta baƙi ya rufe shi, da ya haɗu da na uba sai ya fito fili. Kajin gida kenan, kowace tana ɗauke da abin da ido bai gani.

Na kifa musu kwando saboda shirwa, na zuba musu ruwa da tsakin masara. Gobe zan leƙa kasuwa in tambayi Lasota, rigakafin cutar kaji ta Newcastle, kafin sanyi ya shigo sosai.