Balad al-Shaikh: yadda ramuwar gayya ta afka wa ƙauye a daren sabuwar shekarar 1948

Wata guda bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin raba Falasɗinu a ranar 29 ga Nuwamba 1947, jini ya kwarara a Haifa. Ranar 30 ga Disamba, mayaƙan Irgun, wata ƙungiyar Yahudawa mai ɗauke da makamai, suka wurga bama-bamai daga cikin mota kan leburori Larabawa da suka taru a ƙofar matatar mai suna neman aikin yini. Shida suka mutu, 42 suka jikkata. Nan take ma'aikata Larabawa suka far wa abokan aikinsu Yahudawa da sanduna da ƙarafa, suka kashe 39 kafin sojojin Birtaniya, wadda ke mulkin ƙasar a lokacin, su iso. Waɗanda aka kashe ɗin ba su da hannu a jefa bam ɗin.

Hukumar Yahudawa, wadda ke jagorantar Yahudawan Falasɗinu, ta yi tir da aikin Irgun, amma duk da haka Haganah, babbar rundunar mayaƙan Yahudawa, ta yanke shawarar ramawa. Ta zaɓi Balad al-Shaikh, ƙauyen da ke gindin dutsen Karmel, kimanin kilomita 7 daga Haifa, mai mutum 4,120 a ƙidayar 1945. A nan kabarin Shehu Izzuddin al-Ƙassam, malamin da ya yi yaƙi da Turawan Birtaniya, yake. Hujjar Haganah ita ce da yawa daga ma'aikatan matatar a can suke kwana.

A daren 31 ga Disamba, kimanin mayaƙa 170 na Palmach, zaratan Haganah, suka shiga ƙauyen jama'a na barci. Umarnin da aka ba su shi ne su kashe maza baligai iya yawan da suka samu, su ƙyale mata da yara. Suka bi gida-gida suna harbi, suna jefa gurneti, suna fito da maza suna bindige su.

To, a nan ne ɓarnar take tun daga tushe. Umarnin bai ce a nemo wanda ya yi kisa a matata ba. Kasancewar mutum namiji mazaunin ƙauyen ta isa a kashe shi. Sannan gurnetin da aka jefa cikin ɗaki a duhu ba ya bambanta uba da ɗansa. Rahoton Haganah da kansa ya amsa cewa an kashe mata da yara, yana mai kafa hujja da harbin da aka yi musu daga cikin gidaje. Alƙaluman mamatan sun sha bamban, daga kusan 20 zuwa 70.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai wata hanyar. A ranar rikicin matatar, shugabannin ƙwadago Larabawa a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Haifa sun tsaya tsayin daka, suka hana a taɓa Yahudawan da ke aiki tare da su.

Bayan Haifa ta faɗa hannun Haganah a Afrilun 1948, mutanen Balad al-Shaikh suka watse, ba a bar su sun dawo ba. Yau filin ƙauyen yana cikin garin Nesher na Isra'ila.