Godiya ga duk wanda ya zo jin kiɗan ɗana, har da wanda ya ce bai nuna ba

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana uku da taron, sai yanzu na samu zama in rubuta wannan, domin baƙinmu ba su gama watsewa ba sai jiya da hantsi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana Asabar ɗin nan, aka taru aka watse ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Bayan haka, ni da uwar yaran muna gode wa duk wanda ya bar harkar gabansa ya zo ya zauna cikin ƙurar hunturun Birnin Kebbi don ya ji ɗanmu ya kaɗa celo.

Masu kirana a waya suna tambaya wai mene ne celo, ku ɗauka goge ne, sai dai na katako zalla, ba ƙwarya ba fatar guza, kuma tsayinsa ya kusa kai ƙirjin mutum. Tsirkiya huɗu gare shi. Zama ake yi a kujera a kafa shi tsakanin gwiwoyi, da wani tsinken ƙarfe a gindinsa mai cake ƙasa. Abin gogawar kuwa izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro kamar dai namu. Yaron ya fara ganinsa a Legas, lokacin yana sakandare a hannun gwaggonsa a Agege, daga baya ya shiga makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ta ƙungiyar nan da aka kafa a 1983, ya yi difloma. Ba zan ɓoye ba, ni na fi kowa kafewa a kan kada ya yi. Shekara 35 ina riƙe da alli, ban taɓa kawo wa raina ɗana zai zama makaɗi ba, kuma kun san abin da ake cewa a kan mai goge a garuruwanmu. Gwaggonsa ce ta yi ta lallashina har na saki. Yaya, ke ce farkon wadda zan gode wa. Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai direban da ya ɗauko su daga Legas. Ya yarda aka biya wa celon kujera guda kamar fasinja, bai ce a tura shi but a danne da buhuna ba. Ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko har Jega yana kaucewa ramuka saboda shi. Sau uku aka sa yaron buɗe akwatin a hanya, a wani shingen ma har an tambaye shi ko gawa ya ɗauko. Malam direba, ban karɓi lambarka ba, in wannan ya iso gare ka, mun gode.

Abin da hanya ba ta yi ba, hunturu ya so ya yi. Katakon da ya saba da laimar Legas ya zo ya gamu da busasshiyar iskarmu, sai ya tsuke. Saura kamar rabin awa a fara, 'yan kunnuwan katakon da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya suka soma sulluɓewa. Ya ɗaure ta sama, ta saki. Ya sake ɗaurewa, ta biyun ta bi ta. Na ga gumi a goshinsa cikin sanyin nan. Ya ɗago ya ce, "Baba, ko za a samu alli?" To, a zauren taron makaranta muke. Na leƙa ajin kusa na tsinto guntu a gindin allo. Ya zare kunnen, ya goga masa allin, ya mayar ya danna, sai ga shi ya kama ƙam. A duk karatun kiɗan yaron nan, iyakar gudummawar da hannuna ya bayar ke nan, kuma ina alfahari da ita. Shugaban makarantar da ya ba mu zauren kyauta, ga godiyar zaure, ga ta alli.

Abin da ya kaɗa ana ce masa konceto, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba, ayari guda na ba shi amsa, kusan yadda babban mawaƙi yake da 'yan amshinsa. A ƙa'ida ayarin masu goge ne manya da ƙanana, da masu busa huɗu. Mu ina za mu same su? Wani bawan Allah ɗan Zuru, mai kaɗa fiyano a cocinsu nan cikin gari, shi ya ɗauki aikin ayarin nan gaba ɗaya da yatsunsa goma. Kwana shida yana zuwa gidana bayan ya tashi aiki suna maimaitawa, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Ɗan'uwa, ban san da bakin da zan gode maka ba.

Kafin ya zauna, yaron ya yi wa jama'a ɗan bayani. Mai kiɗan, Josef Haidin, mutumin Ostiriya ne, an haife shi a 1732 ya rasu a 1809, kuma makaɗin fada ne, ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Estahazi aiki. Ya tsara wannan kiɗan a farkon shekarun 1760 saboda babban mai celo na fadar. Daga nan takardun suka ɓace kusan shekara 200, sai a 1961 aka tsinto kwafinsu a gidan tarihi na birnin Prag. Da ya faɗi haka na ji wani a bayana ya ce, "Ikon Allah, rabo ba ya ɓata."

Kashi uku ne, duka bai wuce minti 25 ba, shi ya sa muka sa shi bayan la'asar. A kashin farko, da mai fiyano ya gama shimfiɗa, yaron ya shigo da jan tsirkiya huɗun a lokaci guda, sai zauren ya yi tsit, har yaran da ke tsalle a bakin taga suka tsaya. Babbar tsirkiyar nan ta ƙasa, ba a kunne kaɗai na ji ta ba, har a katakon bencin da nake zaune. Can kusa da ƙarshe akwai wurin da abokin kiɗa ke ɗauke hannu a bar mai celo shi kaɗai ya nuna gwanintarsa. Daidai nan innarsa ta miƙe da sababbin kuɗi za ta je liƙi, sai da ƙanwarsa ta riƙo mata mayafi. Inna, ki yi haƙuri, an ba shi kuɗin daga baya. Da kashin ya ƙare aka ɓarke da tafi. Na san a Legas sai an gama duka ukun ake tafawa, amma yaron ya ce a zamanin Haidin ma haka mutane ke yi, don haka ba wanda ya yi laifi. Kashi na biyu a hankali yake tafiya. Na uku kuwa gudu ne tsagwaronsa, yatsu na hawa suna sauka ido bai iya binsu, kuma shi ya ta da zauren, mata na guɗa, samari na tsaye.

Mutum ɗaya na lura bai tafa ba, kuma saboda shi na fi son rubuta wannan saƙo. Wani dattijo ne mai goge daga Argungu, aminin marigayi mahaifina, ya haura tamanin. Ni na aika aka ɗauko shi. Tun daga farko har ƙarshe kansa na sunkuye, idonsa a rufe, har na ɗauka gyangyaɗi yake.

Bayan magariba muna zaune a zaurena ana shan shayi, na ce, "Baba, yaya ka ji jikanka?" Bai amsa ba, ya ce a miƙo masa izgar. Ya juya ta, ya shinshina ƙaron. Yaron ya ɗan motsa, sai ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka, na san ba a taɓa ta da hannun maiƙo." Sannan ya ce, "Jikana, hannunka na hagu ya ƙoshi. Gudu kau, ko zomo sai haka. Amma wurin nan na tsakiya inda kiɗan yak kwanta, wa ka korakka? Dogon sautin nan da kaf fara da shi, tun bai kai rabi ba ka cinye izgakka, kad dawo kana lallaɓe. Bai nuna ba kat tsige shi."

Gaskiya raina ya sosu. Ga baƙi cike da zaure, ga yaro ya sha wahala, a ce ba za a bar shi ya kwana da daɗinsa ba? Na buɗe baki zan kare shi, sai ya riga ni. Ya ce, "Haka ne, Kaka. Shirun ne ya ba ni tsoro, na ga kamar mutane sun gaji." Dattijon ya ce, "Ba su gaji ba, kai suka jira." Wani ya tambaye shi kashin gudun fa, ya ce wannan hanyarsu ce, bai san ta ba, ba zai sa baki ba.

Nan take ya sa aka fiddo celon. Sauti ɗaya tak ya ce a ja masa, wanda celo ke shigowa da shi a kashi na biyu ya riƙe shi yayin da ayari ke tafiya a ƙarƙashinsa. Yaron ya ja, ya ce sake. Ya sake, ya ce izga ba a rance ta, kashe ta da lissafi. Yana bugun gwiwarsa da yatsa a hankali, yaron na bi. Ni da a zauren taro komai zaƙi ya yi mini, kunnen uba ne, sai a ja na shida na ji abin da ake magana. Sautin ya taso siriri kamar zare, ba ka san lokacin da ya fara ba, ya yi ta kumbura har ya cika zauren, kuma da ya kai ƙarshe akwai sauran izga. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Dattijon ya ce, "To, yanzu ka yi," ya ɗauki kofinsa.

Washegari malamin yaron ya kalli bidiyon daga Legas ya aiko da nasa. Ya yaba kashin farko sosai. A na biyu, abin da Baba ya faɗa shi ya faɗa, cewa bai raba izgarsa daidai ba. Ya ƙara da cewa a na uku, can sama inda ake kwantar da babban yatsa a kan tsirkiya, sautin ya ɗan zarce wurinsa sau biyu ko uku saboda gaggawa. Malam, mun gode da ba ka shafa masa mai a baki ba. Baba, na nemi gafararka a zaure, ina sake nema a bainar jama'a.

Matan unguwa da suka kwana tuƙin tuwon shinkafa, abokina da ya aiko da kifi daga Yawuri, samarin da suka jera kujeru suka kwashe, da dattawan da suka ba ni shawarar kada a yi taron amma suka bi mu da addu'a, Allah ya bar zumunci.

Roƙo biyu gare ni. Wanda ya ɗauki kashi na biyu cikakke a wayarsa ya turo mini, namu ya yanke a tsakiya. Sannan Baba ya ce a kai masa yaron Argungu ranar Alhamis da babban gogen nasa, su yini tare. Duk mai mota da zai bi hanyar da safe, kuma kujerar bayansa ba kowa, ya yi mini magana.