TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Satin da aka kashe mana intanet a Iran

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda na shiga shekara ta uku da karatu a Tehran, Farisanci ya zauna a bakina har ina ciniki a kasuwa ba mai fassara. Yau zan shiga wajen da na dade ina dagawa, don wallahi har yanzu in na tuna sai jikina yayi sanyi.

Kun san a can Alhamis da Juma'a ne hutun mako. To akwai abokina dan ajinmu da na taba baku labari, wanda yake kabu-kabu da wata tsohuwar mota kirar Pride a manhajar Snapp don ya biya kudin makaranta, shi ya matsa min in bishi gidansu a Shahriar, wani gari ne a yammacin Tehran inda talakawan da haya tafi karfinsu a birni suke komawa. Daren Alhamis muka ci abinci muka kwanta lafiya lau. Washegari Juma'a 15 ga Nuwamba 2019 muka tashi da labarin cewa da tsakar dare gwamnati ta kara kudin fetur, ba gargadi ba komai. Litar da ake sha toman (kudinsu na can) 1,000 ta koma 1,500, shima lita 60 kacal a wata, in ka wuce haka sai ka biya 3,000. Abokina ya zauna a bakin kofa yana lissafi da yatsu, lita 60 ai kwana kadan take masa, yace min shikenan sana'a ta mutu.

Ni abin da ya fado min a rai shine Janairun 2012 a Kano, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 muka cika dandalin Silver Jubilee da zanga-zanga, sai na dauka haka za'ayi, a yi ihu kwana biyu a rage kudi kowa ya koma gida. Ashe ban san inda nake ba.

Ranar Asabar dusar kankara ta sauka, mutane suka rika kashe motocinsu a tsakiyar titi suna fitowa, hanya ta toshe gaba da baya. Da farko maganar fetur ce, kafin la'asar ta koma kan shugabanni baki daya har da Jagora Khamenei, sunan da a da ko a cikin tasi sai an rage murya ake kiransa. Akwai wani take da naji da kunnena suna ta maimaitawa, ma'anarsa makiyinmu yana nan gida, karya suke da suke cewa Amurka ce. Aka fara kona bankuna da gidajen mai, 'yan Basij, dakarun sa-kai na gwamnati, suka fito bibbiyu a kan babura, sai harbi. Da daddare intanet ta dauke dif a kasar gaba daya, manhajojin cikin gida kadai ke dan motsi, WhatsApp kam babu. Washegari Jagora ya fito ya goyi bayan karin, ya kira masu kone-kone 'yan daba, daga nan kowa ya san ba sassauci.

Kwana biyar nayi a gidan nan ban leka ko bakin titi ba, don mahaifin abokina da kowa ke ce wa Haj Agha ya rantse ba inda zani, yace bako bakar fata in aka kama ka a irin wannan rana dan leken asiri kawai za'a kira ka. Tunanina duk yana wajen Ummata, nasan tana jin BBC kullum da asuba, tana kira ba ya shiga.

A zaman nan ne na san tsohon nan sosai. Mutum ne mai sallah, goshinsa har yayi baki, a 1978 yana cikin wadanda suka fito kan titi suka kori Shah, sarkin Iran na lokacin, kaninsa kuma ya rasu a yakin Iraki da aka shekara takwas ana yi. Dare na uku aka kawo labarin dan makwabcinsu, yaro bai fi sha tara ba, ya fita siyo burodi harsashi ya same shi. Haj Agha ya shiga ta'aziyya ya dawo yace an ja kunnen iyayen kada su tara mutane. Ya zauna yana kuka kamar karamin yaro, yana cewa ba don wannan muka fito ba, mun fito ne don kada a kara harbin talaka, yau gashi ana harbinsa kuma in kayi magana ace da addini kake fada.

Ganin haka sai nace masa, to Baba ai gara ma Amurka ta shigo ta kawar dasu kowa ya huta, tunda sakataren harkokin wajensu Pompeo ya riga yace suna tare da mutanen Iran. Ban taba ganin fuskarsa ta canza haka ba. Ya tashi ya bude firij ya dauko kwalin maganin matarsa mai ciwon daji, yace tun da Trump ya fice daga yarjejeniyar nukiliya a 2018 ya dawo da takunkumi nake bin kantin magani daya bayan daya, a takarda sun ce magani baya cikin takunkumi amma wane banki ne zai yarda ya tura kudin? Wanda yake tare dani ne zaiyi min haka? Sannan ya bani labarin Mosaddegh, firaministan da ya kwace man fetur dinsu daga hannun kamfanin Ingila, a 1953 Amurka da Ingila suka hada baki suka kifar dashi suka dawo da Shah. Lokacin shi yana yaro, mahaifinsa ne ya bashi labari, kunne dai ya girmi kaka. Yace ka kalli Iraki ga ta nan makwabciyarmu, an zo 'yantar da ita a 2003, ka tambaye su yadda suka kare. Wadannan mutanen mu muka dora su da hannunmu, mu ne kuma zamu sauke su, ba jirgin yakin wani ba.

Gaskiya wannan magana ta zauna min. A gida Najeriya in ana zancen Iran kashi biyu ne, masu ganin duk wanda ya fito zanga-zanga yaron Amurka ne, da masu murna saboda sun tsani Shi'a. Ni kuma wadanda na zauna dasu ba ko daya daga ciki, mutane ne da gwamnatinsu ke takawa ta sama, takunkumi na matsarsu ta kasa, kuma duk sanda wani daga waje yayi magana da sunansu sai a samu hujjar kara murkushe su. Daga baya Amnesty tace ta tabbatar da mutuwar mutum akalla 304, kafar labarai ta Reuters kuma ta ruwaito kusan 1,500. Ni dai fuska daya na sani, ta yaron da ya kawo mana burodi da safen Juma'ar nan.

Sai bayan kusan sati intanet ta fara dawowa kadan-kadan, sakonni suka rika shigowa wayata kamar ruwan sama. Na kira Umma, tana dauka bata iya magana ba sai kuka, can tace ka hada kayanka ka dawo, karatun ya isa haka. Na lallabe ta nace saura kadan, komai ya lafa. Ban san cewa kasa da wata biyu za'a kashe Janar Soleimani na Iran a Bagadaza ba, ranar 3 ga Janairu 2020, kwana biyar bayan haka kuma a harbo jirgin fasinjan Ukraine da mutum 176 jim kadan da tashinsa daga Tehran. Anan zamu dora sati mai zuwa in Allah ya kaimu, ku saka yaron nan da iyayensa a addu'a.