Daga Maradi zuwa Tarka: neman ƙuri'a a bakin burtali

Lokacin yaƙin neman zaɓen 13 ga Disamba 2020 ne, ina takarar kujera a majalisar jihar Maradi. Da asuba muka fita, hazo ya rufe Gulbi, muka wuce Tibirin Gobir, muka karya arewa muka kama hanyar Dakoro. An gama girbi. Sai kara a gonaki, da gawo da ya fito da ganye shar a lokacin da sauran itatuwa ke kaɗe nasu.

A wani ƙauye kafin Kornaka mai gari ya sa aka shimfiɗa mana tabarmi. Ban kai ga maganar asibiti da makaranta ba wani dattijo ya kama hannuna, ya ce in zo in gani. Bayan gari ya kai ni, bakin burtali. Turakun siminti ne aka kafa don shaida hanyar dabbobi, ɗaya ya karye ƙarfensa a waje, kunyoyin gero kuma sun tsallake shi da taku da yawa.

"Ɗana, hilin da ubanmu ya noma shi kaɗai, yau gida nawa ke ci a cikinsa? Ko gamanar mata, 'yan gonakinsu na kansu, mun karɓe. In Allah ya ba ka, a ɗan matsa muna da turakun nan."

Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin kansila." Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira kofo, su ke shata burtali da filin kiwo, kuma dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙinsa ne. Dattijon ya san da haka sarai, yunwa ce ke magana. Ni kuma Toda nake tunawa, can wajen Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100 a 1991, yawancinsu mata da yara. Duk wanda ya yi alkawarin tura burtali don ƙuri'a, ya san wutar da yake hurawa.

Da muka koma mota yaron da ke haɗa mana taro ya haɗe rai. "Alhaji, shanu ba sa jefa ƙuri'a fa."

Dakoro sallah kawai muka yi, muka ci tsire, muka nausa kwarin Tarka. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa a wannan yanki, amma gonaki sun daɗe da haurawa. A bakin wata rijiya na tarar da Bafulatani yana jan guga da sa, igiyar ta ci bakin katakon har ta yi masa zurfi. Na tambaye shi katin zaɓe. Ya yi dariya, ya ce ko takardar haihuwa ba shi da ita, ranar zaɓen ma yana can kudu wajen Baban Rafi da garkensa. Maganar yaron nan ke nan: doka tana gefen makiyayi, akwatin zaɓe yana ƙauyen manomi.

Abin da na iya ɗaukar masa alkawari kaɗan ne: in na shiga majalisa zan nemi kuɗin sake kafa turaku, a kuma kawo alƙali har bakin rijiyoyi ya yi wa mutane takardu. Ya ce Allah ya sa, ya miƙo mini ƙwaryar nono, ya koma ya kora sansa.