Abin da takardar gwajin zuciyar Kawu ta koya mini

A makon jiya na raka kawuna daga Aboabo zuwa wani asibiti a nan Kumasi domin a yi masa gwajin ECG, wanda ake manna wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu don a zana wutar lantarkin da ke tafiyar da bugun zuciya. Hankalina ya tashi da na ga bugunsa 54 a minti, alhali na san na babban mutum yana tsakanin 60 da 100 idan yana hutawa. Likita ta ce, "Baba, wanda ya daɗe yana tuka keke kullum kamar ku, zuciyarsa kan yi aiki a natse, muddin babu jiri ko suma."

Daga nan na fahimci cewa ba a karanta wannan zane sai an san mai shi. Bugun zuciyar jariri kan wuce 120 a minti lafiya lau. Tazarar QT, wato sashen zanen da ke nuna lokacin da zuciya ke ɗauka daga fara matsewa zuwa sake shirin bugu na gaba, ta mata ta ɗan fi ta maza tsawo, ƙiba tana dusashe zanen, kuma zanen baƙar fata masu ƙoshin lafiya yakan yi tsayin da za a iya zaton kaurin tsokar zuciya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Kwinin yana tsawaita QT, ciwon ƙoda yana tara sinadarin fotasiyam a jini har zanen ya sauya, amma yawancinmu ba ma faɗa wa likita abin da muke sha, balle jiƙo. Sai da na matsa kafin Kawu ya ambaci nasa.