Rabin Minti Kafin a Busa Saksofon

Garin Jos ba ya rasa gwanayen busa saksofon. A majami'u da wuraren biki akwai samari da 'yan mata waɗanda za su ji waƙa sau ɗaya su kama ta da kunne, har su yi mata adon da mawaƙin bai yi tunaninsa ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda nake koyarwa, idan aka ajiye musu takardar waƙar da ba su taɓa ji ba, sai gabansu ya faɗi, domin sun tashi ne da kunne da kuma do, re, mi, rubutun layi biyar kuwa, wato yadda ake rubuta sautukan waƙa da alamomi a kan layuka biyar, sai daga baya suka haɗu da shi.

A jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa da aka kafa a Landan a 1889, jimillar maki 150 ne, ana kuma cin jarrabawar da 100. Waƙoƙi uku da ɗalibi ya shirya suna ɗaukar maki 90, karanta waƙa a kallon farko kuwa yana ɗaukar 21. Wannan kaso ya isa ya raba wanda ya tsallake da ƙyar da wanda ya kai 120 ya sami yabo, shi ya sa nake jin takaici idan na ga ɗalibi ya kwashe watanni yana haddace waƙoƙinsa, ya bar wannan sashe sai ana saura mako guda.

Rabin minti kawai ake bayarwa a duba takardar kafin a fara, kuma an yarda a gwada busa wani ɓangare a cikinsa. Ina hana ɗalibaina soma busawa daga farko, domin lokacin zai ƙare suna layin farko. Su fara duba ki ɗin waƙar, wato shaf ko filat (alamomin ɗaga sauti ko sauke shi kaɗan) nawa ke bakin layi, da yawan bugun da ke kowane gida (gidajen da aka rarraba layin waƙar zuwa cikinsu), sannan ido ya nemi wuri mafi wuya, a gwada shi kaɗai, a kuma zaɓi saurin da za a iya wuce wurin da shi.

Abin da na fi nanatawa shi ne kada a tsaya. Mai jarraba ɗalibi yana sauraron ko waƙar na tafiya a kan bugunta, saboda haka wanda ya kuskure sauti ɗaya ya ci gaba ya fi wanda ya koma baya don ya gyara, tunda shi na biyun ya ƙara ɓata bugun a kan kuskuren farko. Dole ido ya riga yatsu isa gida na gaba, kamar yadda idon mai karanta nassi a gaban jama'a yake riga harshensa. Alamomin shiru ma ƙirga su ake yi, kuma a nan masu kunne suka fi faɗuwa, domin sukan yi gaggawar cike gurbin.

Wannan ƙwarewa ba ta samuwa sai da sabuwar waƙa kullum, wadda ta fi matakin ɗalibi sauƙi, ko da na minti goma ne. Littattafan waƙoƙin coci masu rubutun layi biyar suna da amfani sosai: a bar muryar sama da kowa ya sani, a karanta ta biyu, wadda kunne ba zai iya yi wa ido satar amsa ba. A kunna metronom na waya, wato manhajar da ke ƙirga bugu, a hankali, a tafa bugun da hannu tukuna, sannan a busa sau ɗaya har ƙarshe, gobe kuma a buɗe wani shafin.

Saksofon tana da nata tarkon, wato tsallakawa daga C shaf na tsakiya, inda yatsu ke a sake, zuwa D, inda yatsu shida ke sauka tare da babban yatsan hagu. Duk inda waɗannan biyu suka yi maƙwabtaka a takarda, can ya kamata a kashe rabin mintin. Idan kuma jarrabawar ta faɗo da sanyin Jos, a hura iska mai ɗumi a cikin saksofon, a jiƙa karan bakinta sosai kafin a shiga ɗakin, domin saksofon da ta yi sanyi sautinta yana sauka ƙasa.